Ranar da Aka Canja wa Gwani Birki

Shekara talatin da biyu Gwani ya yi yana jan tirela, kuma duk wanda ya dubi ƙafafunsa zai gane sana'arsa, don cinyar dama ta fi ta hagu kauri saboda taka birki. Motar ba tasa ba ce, ta yayarsa ce, wadda ta gaje ta daga mijinta, mace mai magana ɗaya.

Birkin motar irin na dā ne, mai ganga, wato wani ƙaton kwanon ƙarfe a cikin kowace taya. In ya ɗau zafi sai ya kurmance, kana taka shi yana yi maka kunnen uwar shegu. Gwani ya san halinsa kamar yunwar cikinsa, shi ya sa tun yana hango wurin tsayawa daga nesa yake fara lallashinsa.

Wata Laraba da hantsi ya ɗauko siminti, ya biyo wata doguwar gangara. Gangunan suka yi zafi, hayaƙi ya tashi. Ya taka, ya sake takawa, ya miƙe tsaye a kan birkin yana salati. Motar ta wuce ƙofar da zai sauke kaya, maigadi na ɗaga masa hannu, ta sauka daga titi, ta ratsa wani filin ƙwallo ana tsakiyar wasa. 'Yan wasa suka watse kamar kaji sun ga shaho, ita kuwa ta je ta tsaya a hankali cikin raga. Ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Alƙalin wasa, don ruɗewa, ya busa usur.

"Na ji ka ci ƙwallo," in ji yayarsa da yamma. "Gobe ka kai ta gareji a cire gangunan nan, a sa mata birkin faifai."

"Yaya, birkin nan lafiyarsa ƙalau, gajiya ce kawai."

"To ya huta. Kai ma in ka ƙara magana sai ka huta."

Makaniken kuwa mijin 'yarsa ne, mutum mai kunya wanda bai taɓa haɗa ido da shi ba. Kwana uku ana aiki. Aka ɗaga motar, aka kwance tayoyi, aka zazzage gangunan da suka yi baƙi ƙirin, aka ɗaura faya-fayan ƙarfe masu sheƙi, kowanne da wani muƙamuƙi da ke damƙe shi in an taka. Gwani na zaune a benci yana taɓe baki.

"Yanzu wannan farantin ne zai tsayar da motar da ta fi gidanku nauyi?"

"In Allah ya yarda, Baba," in ji surukin, kansa a ƙasa.

Ranar gwaji suka fita wani miƙaƙƙen titi da babu kowa. Surukin ya zauna a gefe, ya nuna wata bishiya can gaba, ya ce a tsaya a gindinta. Ya yi gyaran murya.

"Baba, da za a ɗan taka a hankali..."

"Kai, tun ba a haifi matarka ba nake taka birki!"

Ya ba ta wuta, sannan ya sauke cinyar nan ta dama gaba ɗaya kamar yadda ya saba. Motar ta ƙame cak. Goshin surukin ya gaisa da gilashi, hular Gwani ta yi tsalle ta faɗa kan sitiyari, haƙorin roba guda da yake taƙama da shi ya fice ya shige ƙarƙashin kujera. Bishiya kuwa tana can nesa, ko inuwarta ba su kai ba.

Surukin ya dafe goshi, ya ce, "Sannu, Baba."

Gwani ya ɗauki hularsa ya kaɗe. "Ba laifi," ya ce. "Amma ba shi da ladabi."

Wata guda ya yi yana tsayawa kafin wurin tsayawa. Sai ya ja birki nesa da ƙofar ma'aikata, ya leƙo ta taga yana gaida duk wanda ya gani, wai da gangan ya tsaya. Mutane suka riƙa cewa tsufa ya sa Gwani son zumunci.

Ran nan ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, yana gangarowa da kaya fal, sai wata tsohuwa mai lema ta faɗo titi ba ta waiwaya ba. Ya taka. Motar ta tsaya, tsakaninta da tsohuwar bai fi taku uku ba. Ta harare shi, ta wuce abinta. Shi kuwa ya daɗe riƙe da sitiyari.

Ya so ya gode wa surukinsa, amma bakinsa ya ƙi. Ina aka taɓa yi? Washegari ya shiga kasuwa, ya zo gareji da ƙunshi a hannu, ya ajiye a kan benci ba tare da ya dubi kowa ba.

"Ga shi, saboda gwaji na gaba."

Surukin ya kwance. Hular kwano ce sabuwa fil, irin ta masu babur. Ya durƙusa ya yi godiya, ya kifa ta a kai, kuma saboda kunya bai cire ta ba har Gwani ya gama shan shayinsa ya tafi.