Mu Kallo Muke Zuwa

Babanmu tela ne a Gangare, kuma yana da ra'ayin cewa yaron da ya wuni a gida ranar Asabar dolo zai zama. Sai dai ra'ayin ya fi ƙarfin aljihunsa. Gidan zoo ana biya a ƙofa. Silima kuwa a wurinsa ba wajen mutanen kirki ba ne, balle ita ma ana biya. Saboda haka, ina aji biyu a firamare, wajen ƙarshen mulkin soja na wancan lokacin, ya gano mana tashar jirgin ƙasa.

Da hantsi Inna za ta soya dankali ta zuba a kwano ta ɗaure da ɗankwali. A sa mini kayan Sallah, a sa wa ƙanena nasa, a ɗora mana suwaita a kai saboda sanyin Jos, kwalliyar ta ɓace gaba ɗaya. Inna ta goya jaririya, Baba ya zura babbar riga ya ɗauki tabarma, mu taka a ƙafa. Mai tsaron ƙofar tashar Baba ne ke yi masa facin wandon kaki, don haka da ya hango mu sai wani abu ya ɗauke masa hankali a sama har mu wuce.

Can ƙarshe kusa da tankin ruwa muke shimfiɗa tabarmarmu. Mu kalli 'yan dako suna zagin juna, mu kalli mata suna cusa buhunan kabeji ta taga, a busa usur, jirgi ya yi tari ya ja jiki. Mu ɗaga wa mutanen da ba mu sani ba hannu, su ma su ɗaga mana. Sai mu ci dankali mu koma gida. Wallahi ina son Asabar ɗin nan fiye da ranar Sallah, don Sallah sau biyu take zuwa a shekara.

Matsalar ɗaya ce. Baba ba ya so unguwa ta san cewa magidanci guda, mai keken ɗinki biyu, yana kwasar iyalinsa zuwa kallon jirgi kamar ƙauyawa. Ba ya ƙarya, wannan kam ban taɓa ji ba. Idan aka ce, "Tela, ina zuwa haka da iyali?" sai ya ce, "Tasha." A ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ya ce, "Amin."

Inna ta taɓa tambayarsa, "Malam, wace hanyar ake kiyayewa?"

Ya ce, "Daga nan zuwa tasha ba hanya ba ce?"

Wata Asabar muna zaune, ko kwanon ba a kwance ba, sai ga wata tsohuwa 'yar layinmu, mai sayar da ƙosai, kowa Iya yake ce mata. Tana janye da jikarta, yarinya ƙarama mai majina, da ƙullin kaya a ka. A zamanin haka ake yi: idan za a aika yaro wani gari, sai a zo tasha a nemi fuskar da aka sani, a danƙa shi amana. Iya ta duba fuskoki har ta gaji, sai idonta ya faɗa kan babbar rigar Baba da tabarma da kwanon guzuri.

"Alhamdu lillahi! Tela, ashe kai Allah ya ajiye mini. Ga 'yar nan, ka kai ta wurin uwarta a Kafanchan. Uban zai tsaya a tasha, dogo ne, yana da tsage. Amana ce na ba ka."

Baba ya yi gyaran murya. Inna ta juya tana gyara goyon da ba abin da ya same shi. A gefenmu akwai mutum biyu 'yan unguwa da suka zo rakiya, duk sun kasa kunne. Magana ɗaya ce za ta fitar da shi, ni ma da nake yarinya na san ta. Na ga ya buɗe baki.

Ya ce, "Allah ya ba mu ikon riƙewa, Iya."

Ya tashi ya je wurin mai tsaron ƙofa, suka yi ƙus-ƙus, suka nufi tagar tikiti tare. Da ya dawo akwai tikiti a hannunsa, babu agogo a wuyan hannun. Ya ce wa Iya iyali rakiya suka yi masa. Ya kama hannun yarinyar ya hau jirgi, ko tabarmar bai waiwaya ba.

Ranar ce kaɗai muka ɗaga wa wanda muka sani hannu. Ƙanena ya ɗaga da murna har jirgin ya fara nisa, sannan ya gane, ya faɗi ƙasa yana birgima wai jirgi ya sace Baba. Inna ta ɗauke shi da hannu ɗaya. Har muka isa gida ba ta ce komai ba sai, "Oh ni, wannan mutum."

Ran Lahadi da yamma ya dawo, riga duk ta yamutse. Inna ta ajiye masa ruwa ta ce, "Sannu da zuwa, matafiyi." Ya ce Kafanchan akwai zafi. Aka bar maganar a nan.

Iya ce ba ta bar ta ba. Mace ce mai godiya, kuma bakin kaskonta duk unguwa ke bi. Ta shaida wa kowa cewa tela mutumin kirki ne, duk Asabar yana bin jirgin nan, mai saƙo ya kai masa. Babu wanda ya tsaya tunanin yadda mutum zai je Kafanchan da hantsi ya dawo kafin la'asar yana sakace haƙori.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci zaurenmu ya cika. Buhun dankali, ƙullin acca, tukunyar man shanu, turmin atamfa, da kaza ɗaya ɗaure da ƙafa tana hararar kowa. Kowane kaya da gidan da za a kai shi. Iya ma ta aiko da takalman yarinyar da aka manta.

Baba ya daɗe a tsaye yana kallon kayan. Inna ta leƙo ta ce, "Malam, wancan karon agogo aka jinginar, wannan karon keken ɗinkin ne?"

Baba ya juyo wurina. Ya ce mini in mayar wa kowa kayansa in ce an yi kuskure. Na sunkuya zan ɗauka, sai ya ce, "Bari. Ba aikin yaro ba ne." Ya saɓa buhun, ya rungumi kazar, ya ce in biyo shi da ƙananan kayan.

Gida-gida muka bi. A kowace ƙofa ya yi sallama, maigida ya fito, Baba ya ajiye kayan ya ce, "Ka yi haƙuri, ba tafiya muke ba. Mu kallo muke zuwa." Wani ya yi dariya har da riƙe bango. Wani ya ce, "Kallon me?" Baba ya ce, "Jirgi." Mai kazar ya karɓi abarsa ya duba ko ta rame. Ina bayansa da tukunyar man shanu a ka, tausayinsa ya cika ni har na rasa inda zan sa idona.

Iya muka bari a ƙarshe. Tana wanke wake a tsakar gida. Baba ya durƙusa ya ajiye takalman ya faɗi maganarsa. Ta tsame hannu daga ruwan ta dube shi.

"Kallo? To ranar da ka kai mini yarinyar fa?"

"Ranar na fara shiga jirgi, Iya."

Ta goge hannu a zaninta. Can ta ce, "Kai kuwa, tela, me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Yarana suna wurin."

Da muka fito ya miƙo mini hannu, na kama, muka taka zuwa gida.