Bitrus, ashe ba olsa ba ce

Ina bakin get ɗin makaranta da safen nan waya ta shigo: Bitrus ya rasu.

Bitrus ɗinmu fa! Malamin lissafi, mutumin Filato, wanda muka shekara goma sha ɗaya muna zama tebur ɗaya a ofishin malamai nan Makera. Shekararsa arba'in da uku. Zuciyarsa ce ta buga.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye muku ba.

Mutumin nan, lokacin da matata ta haihu, sati biyu yana shigar mini aji, ko sau ɗaya bai yi mini gori ba. Duk hutu sai ya dawo mana da dankalin Turawa daga gida.

Ranar Jumma'a muna jiran keke bayan an tashi, ya dafe ƙirji ya ce, "Luka, abin nan yana matse ni har hannun hagu."

Kun san me na ce masa? "Olsa ce, Oga. Kai ne ba ka karyawa da safe."

Da ƙafata na raka shi kemis, aka miƙo masa farin maganin nan na ruwa. Ba wanda ya auna jininsa. Ya yi dariya ya ce, "Na gode, Likita Luka."

Yau da safe yana ɗaura takalmi ya yanke jiki ya faɗi. Matarsa Ladi ta kwashe shi a keke zuwa asibitin kusa, aka ce babu na'urar duba zuciya, iskar oksijin ma ta ƙare, su tsallaka gada zuwa babban asibiti. A cikin goslon motoci a hanya ya cika, kansa a cinyarta.

Abin da ya fi ƙona mini rai, yayansa Dauda da ke Ingila irin wannan ciwon ya taɓa kayar da shi. Motar asibiti ta zo har ƙofar gida, aka buɗe masa jijiyar da ta toshe, yana nan da ransa yana shan magani. Shi ne ɗazu ya bugo yana kuka.

Uwa ɗaya, uba ɗaya, ciwo ɗaya. Haba! Zaman ƙasar nan laifi ne?

Ku kuma masu raɗa a gidan makoki wai jifa aka yi masa, don Allah ku rufe mana baki. Ba wanda ya jefe shi. Asibitin da ba komai a ciki, da irinmu masu kiran kowane ciwon ƙirji olsa, mu ne muka yi sakaci da shi.

Ubangiji ya ba Bitrus madawwamin hutu, ya riƙe Ladi da 'ya'yansu uku, cikin sunan Yesu.

Ku sa shi a addu'a, ku je a auna jininku. Ni ma ku yi mini addu'a. Sau biyu ina zuwa ƙofar gidan yau, na kasa shiga in kalli Ladi.