Ranar da Wayar Malam Ta Nuna Sifili

Ni ba mai fita ba ce. Biki ma sai ya zama na jini sosai nake ɗaukar mayafi. Amma a tsakar gidana babu abin da ke wuce kunnena, ko raɗa ce a bayan katanga sai na tsince ta. Karatuna a aji uku na firamare ya tsaya. Na san lambobi, ina iya haɗa baƙi in ba a matsa mini ba.

Maigidana, wanda nake kira Malam, shi ne mai boko. Lissafi ya koyar a firamare har ya yi ritaya, da niyyar ya koma gonarsa ta wajen Kakangi. To, daji ya ƙi shiguwa saboda 'yan bindiga. Mutumin da ya saba fita tun da sassafe sai ga shi zaune a gindin mangwarona, yana gaya mini yadda ake hura wuta. Da 'yarmu ta fari da ke aiki a Kaduna ta aiko masa da tsohuwar kwamfutarta, ta ce za ta koya masa yadda ake rubuta shafin intanet ta waya, har sadaka na yi.

Duk ranar da sabis ya yi kyau sai ya buɗe muryar wayar, ita tana bayani, shi yana cewa "na'am, na'am" kamar ya gane, ni kuma ina tsintar shinkafa a gefe. A nan na ji yaren sunansa JavaScript, kuma akwai wasu alamomi da ke yin aikin: ta tarawa, ta ɗebewa, tauraro na ninkawa, sanda a karkace ta rabawa. Ka sa lamba a hagu, ka sa lamba a dama, alamar da ke tsakiya ita ce mai cewa me za a yi da su. Wata rana ta kawo wata mai ƙwallo biyu da sanda a tsakani.

"Baba, wannan ba ruwanta da nawa kowa ya samu. Saura kawai take ba ka. Ka raba goro bakwai wa mutum uku, me ya rage a faranti?"

"Ɗaya," na ce daga inda nake.

Malam ya juyo ya kalle ni ta saman tabarau. "Ke, wannan ba hirar ɗakin girki ba ce. Ji da shinkafarki."

Na ji da shinkafata. Amma na ajiye maganar a inda nake ajiye irinta.

Lungunmu a Magajin Gari gida tara ne. Tun da rafin bakin daji ya gagari mata, sai muka haɗu a kan rijiyar burtsatse guda mai sola, da tiyo guda dogo. Gidan da ke da tiyo a ranar shi ke cika duro da randuna ya yi wanki, sauran su ɗebi na sha da bokiti. Da gida bakwai ne da mako ya raba gardama. Tara kuwa ba ta zama a kan ranakun mako, kullum sai an yi musu, wannan ta ce jiya ke ce, waccan ta ce shekaranjiya ce.

Malam ya ce shi zai kashe rigimar. Ya ba kowane gida lamba bisa wanda ya riga zama a lungun. Mu ne na uku. Na tara kuwa Maman Biyu ce, gwauruwa Kirista 'yar kudancin Kaduna, wadda suka baro gonarsu a ƙauye bayan mijinta ya rasu. Awara take yi ta sayarwa, kuma duk wanda ya taɓa tace waken suya ya san ruwan da yake sha. Katangarmu ɗaya. Yaya take ce mini. Kowace hantsi takan leƙo mu yi gulmar duniya, ta ba ni awara mai zafi, in ba ta yajin da nake dakawa.

Dabarar Malam ita ce na'ura ta ƙirga kwanaki tun daga ranar da aka fara, ta raba su gida tara da wannan alamar mai ƙwallo biyu, saurar da ta fito ita ce lambar gidan da ke da tiyo. Ya tara mazan lungu a zaure ya nuna musu, har da gyaran murya. Ya ce na'ura ba ta da dangi, ba ta da addini, ba ta son kai. Aka yi ta sa albarka. Da yake ni ce kullum a gida, sai aka sa shafin a tsohuwar waya aka bar ta a hannuna, mata su riƙa tambayata da safe.

Ni tun a ranar wani abu ya tsaya mini a rai. Shekara nawa ina raba ƙosai wa yara? In yara tara ne, ba a taɓa yin saura tara ba. In tara suka rage, ai kowa ya ƙara ɗaya ke nan, faranti ya zama wayam. Na buɗe baki zan faɗa, sai na tuna shinkafata. Na ce bari mu gani.

Kwana takwas komai lafiya. Ɗaya, biyu, uku, har takwas. Rana ta tara ta faɗo Lahadi. Na duba waya, sai ga ƙwai guda zagayayye yana kallona: sifili. Na yi dariya ni kaɗai har da riƙe ciki. Maman Biyu ta tafi coci tun da safe, kuma takan kai la'asar. Tiyo na nan a naɗe, tanki ya cika har yana zuba. Na ce a raina, gidan sifili dai babu shi a lungun nan, ruwa kuma ba ya son a bar shi. Na ja tiyo. Na wanke labulaye, na wanke barguna, har tabarmar da ba ta yi datti ba na wanke. Da ta dawo ta tambaya ta katanga, na ce, "Wallahi yau wayar ba ta kira ki ba, Maman Biyu. Sifili ta nuna." Ban yi ƙarya ba, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai.

Ta ce ba komai, ƙila gobe. Gobe kuwa waya ta ce ɗaya.

Niyyata in bari Malam ya faɗa ramin da kansa a gaban mutane, ni kuma ina gefe ina tsintar wani abu. Da sifili ya sake zagayowa, ranar Talata, Maman Biyu ta zo da kanta da waken da ta jiƙa tun jiya, Malam na zaune. Ya karɓi wayar, ya girgiza ta, ya kashe ya kunna. Ya ce, "Ikon Allah. To ƙila na'urar ta ware yau ne don tanki ya huta."

"Malam, ni kuma yaushe?"

"Ki yi haƙuri, lissafi ne. Lissafi ba ya zalunci. Zai zo kanki."

Ta tsaya ta kalle shi, ta kalle ni. Ni kuwa na duƙufa a kan turmi kamar ban taɓa ganin barkono ba. Ta ɗauki bokitinta ta fita. Da Malam ya tafi masallaci azahar, sai na sake jan tiyo. Ban san me ya shiga kaina ba. Zannuwan gado ne dai suka taru.

Daga ranar hantsi ya daina kawo Maman Biyu. Ina jin mai kura yana sauke mata jarkoki, ina jin tana tace wake da ruwan saye. Sannan kunnen nan nawa ya fara kawo mini abin da ban so ba. Matar gida na shida tana gaya wa wata wai an ce Malam ya haɗa na'urar da ba ta san gidan Kirista ba. Wani yammaci na ji babban ɗanta, wanda ke tuƙa mota, yana cewa, "Mama, na gaya miki. Ki tattara mu koma Kaduna. In ruwa ma sai an duba addini, me ya rage?" Na kasa kunne in ji ta musa masa kamar yadda ta saba. Ba ta ce komai ba.

Faɗana da Malam ne, ga shi matar da ta zauna da ni kwana uku lokacin da na yi zazzaɓi tana shirin ɗaure kaya.

Washegari bayan Malam ya karya, na jera murafan kwano tara a kan tabarma a gabansa, na kawo gyaɗa.

"Wannan kuma wane tsafi ne?"

"Ba tsafi ba ne, Malam, tambaya ce irin ta 'yan aji uku. Ƙirgo mini goma sha bakwai ka raba musu."

Ya raba yana tsaki. Takwas suka rage a hannunsa.

"Ƙara ɗaya."

Ya ƙara. Ya ce tara.

"To ka riƙe su a hannu? Ga murafai tara suna kallonka."

Ya zuba ɗaya-ɗaya, hannunsa ya zama babu komai. Ya daɗe yana kallon tafinsa.

"Yaushe saura za ta kai tara, Malam?"

Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Can ya ce, "Dama na lura da wannan, ina nazari ne." Na ce ai na sani, shi ya sa na kawo gyaɗar ta taya shi nazarin.

Ya jawo kwamfuta ya ce abu ne mai sauƙi, ɗaya za a ƙara. Ya ƙara ɗayan a kan kwanakin, ya kulle su cikin baka, sannan alamar saura ta biyo. Ya gwada ranakun gaba, sai ga sifili ya sake leƙowa, ya matso da kwana ɗaya kawai. Ya fara zufa.

Na ce, "Malam, in ka ƙara gyaɗa kafin rabo, ai murafai ne za su cinye ta. Ka bari a gama rabon tukuna, abin da ya rage ka ɗora masa ɗaya. Mai babu ya zama ɗaya, mai takwas ya zama tara."

Ya goge bakan. Ya ce dama 'yarsa ta gaya masa alamar saura tana riga ta tarawa aiki in ba a kulle su ba. Ya gwada: ɗaya har tara, ɗaya har tara, babu ƙwai ko guda. Sai dai kowa ya matsa da kwana ɗaya, gobe ta zama ta Maman Biyu, aka tsallake gida na takwas, wanda matarsa bakinta ya fi tiyon tsawo. Malam ya ce sai mu ba su ranarmu. Sannan ya dube ni da kyau.

"Tsaya. Ranakun nan biyu na sifili, wa ya sha ruwan?"

Na ce wake na kan wuta.

Da hantsi na ɗauki mayafi, na naɗe tiyo a kafaɗa tun ranar ba ta zo ba, na zagaya ta ƙofa. Shekara biyu muna katanga ɗaya, sau uku kacal na taɓa taka gidanta. Na same ta a tsugune tana matse ƙullun wake a ƙyalle. Ba ta ɗago ba.

"Yaya da kanta? Wa ya mutu?"

Na ajiye tiyo na gaya mata komai. Na ce kuskuren lissafi ne, ba wanda ya ware ta, Malam zai tara maza ya faɗa da bakinsa. Na ce ni kuma na gane tun ranar farko na yi shiru, don ina so in ga Malam ya ji kunya. Ruwanta kuma ni na ja, sau biyu.

"Na sani," ta ce. "Na'ura ba ta shanya bargo a kan katangata. Ni ba na'ura ce ta ba ni haushi ba. Ke da kike jin tarin kaza a gida na shida, ba ki ji ina sayen ruwa ba?"

Na ce na ji.

"Kin ji. To."

Ta ci gaba da matsa. Na tsaya kamar wadda aka kafa, ban san inda zan sa hannuna ba. Na tambaye ta maganar Kaduna. Ta ce yaron nan surutu ne da shi, ita da wa za ta bar wa kaskon awararta, amma ta kusa, wallahi ta kusa. Sai ta turo mini ƙyallen da ƙafa, da babbar roba cike da ƙullu.

"Ranaku biyu kika ci. Yau da gobe ke ce mai tata. Zauna nan, ba a kan kujera ba, kujerar ta baƙi ce."

Na naɗe hannun riga na zauna a ƙasa. Ƙullun da ɗumi, ga santsi, na matsa ya tsarto mini a fuska. Ta yi dariyar da ban ji ba tun ranar Talatar nan.

"A hankali, Yaya, ba wuyan Malam ba ne. Kuma gobe ki zo da yaji, nawa ya ƙare."