Kawu Sule Kraman da Sahun Farko

Kawu Sule ba ya amsa gaisuwa sai ya gama duba kafaɗarka. Ku da kuka san shi kun san ba ƙari nake yi ba. Kana "Ina kwana", shi yana zare wani siririn gashi daga rigarka, ya ɗaga shi wajen haske, ya ƙanƙance ido ɗaya. "Mage," in ji shi. Ko kuwa, "Akuya. Ta mayanka ka biyo ke nan?" Sai ya yar, sannan ya ce, "Lafiya lau, yaya gida?" Wata rana ya zaro ɗaya daga mayafin ƙawata, ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce, "Wannan ba na mutum ba ne, ba na dabba ba. Roba ce." Yarinyar nan ba ta ƙara taka gidanmu ba har yau.

An ce in rubuta wani abu saboda addu'ar arba'in ɗinsa, wai ni ce na fi kowa faɗa da shi. Haka ne. Ni ce Rakiya, 'yar ƙanwarsa, ɗakinsa yana kallon namu. Ban iya kwana-kwana ba, don haka ga shi nan yadda yake.

Sana'ar Kawu taje karnuka. Ba kiwo ba, ba sayarwa ba, tajewa. Gadi ya fara yi a gidan wani Bature a unguwar Danyame ta nan Kumasi, mai wani ƙaton jaman shefad, shi ne Baturen ya tura shi Akra wajen likitan dabbobi ya koyo aikin. Ya dawo da takardar shaida a leda, da akwatin mataji, da injin busa iska. Tun daga nan Zango ta sa masa Sule Kraman, wato Sule Kare, shi kuwa ko a jikinsa. Abu ɗaya ne ya dame shi a duniya: wurinsa a masallacin layinmu, sahun farko, dama da Liman. Tun kafin a haife ni yake tsayawa a wurin. Shi kuma Alhaji Mamudu Mai Goro, shugaban kwamitin masallaci, ya rantse mai shafa kare ba zai ci gaba da tsayawa kusa da shi ba, ya koma baranda wajen takalma. Kawu ya ce, "Mataji ban bari, sahu ban bari." Rigimar ke nan, kuma shekaru ta yi.

Don kada a samu abin faɗa, Kawu ya mai da tsabta wani irin ciwo. Kayan aikinsa ba sa shiga gida, a durom suke kwana bayan katanga. Ya yi wanka a waje, ya yi wani a ciki, ya saka farar riga, sannan ya naɗa selotef a hannu ya bi jikinsa kamar mai neman kaska. Inda hannunsa bai kai ba, ni ce.

"Rakiya! Zo duba mini baya."

"Kawu, babu komai."

"Daga can kika gani? Idonki tocila ce?"

"Wallahi tuwona zai ƙone!"

"Ya ƙone. Tuwo ana sake wani, Alhaji Mamudu in ya ga gashi ɗaya ba ya sake mantawa."

Na fara ganin aikin da idona ne saboda Kawu ba ya shiga gidan da mace take ita kaɗai. In maigida ba ya nan, sai ya ɗora ni a bayan babur, ina ƙunƙuni tun daga Zango har can. Ranar farko wata Madam ce a Ahodwo, ɗanta ya aiko mata da kare haski daga Turai, irin mai farin idon nan. Gashi ko'ina! Kujera, labule, har cikin firij. Ta miƙo wa Kawu injin aski sabo fil, tana ce masa Wofa, wato kawu da yaren garin.

"Wofa, aske shi tas. Zafin Kumasi ya yi masa yawa, ni ma na gaji da shara."

Kawu ya kalli injin kamar an miƙo masa kunama.

"Madam, dabi, a'a. Ba a askewa, tajewa ake."

Ya durƙusa ya buɗa gashin karen da yatsu, kamar mai tsaga kitso. Ya ce mata ta duba, riga biyu Allah ya saka wa irin wannan kare. Ta sama mai kauri, ita ke tare rana da ruwa da ƙwari. Ta ƙasa mai laushi kamar auduga, ita ce ke mutuwa tana zuba. In ta mutu ba a cire ba sai ta cunkushe, iska ta kasa kaiwa fata, shi ne zafin da karen yake ji. "Ki cire matacciyar, ki bar masa ta sama. In kika aske, kin tuɓe shi tsirara a rana, kuma zubar ba ta tsaya ba, gajeru za su dinga zuba suna soke miki kujera kamar allura."

Madam ta ce ita ke da kare. Kawu ya ce shi ke da mataji, ya fara haɗa akwati. Ni ina zungurinsa, "Kawu, aske mata mana mu tafi, kanka ne?" Ya ce, "Rufe mini baki, uwar gaggawa."

Da ta ga da gaske tafiya zai yi, ta sakar masa. Ya wanke karen da shamfu, ya kunna injin busawa, gashi ya tashi kamar ana sheƙar gero. Ana tsaka sai dumso, wuta ta ɗauke. Na ce alhamdu lillahi, sai gida. Ina! Mutumin nan ya ce ba a taje jiƙaƙƙen gashi, kuma ba a barin kare da danshi a ƙasa, ƙuraje yake kawowa. Ya ari mafici a kicin ya dinga yi wa kare fifita, karen yana lumshe ido kamar wani mai sarauta. Da ya bushe ya bi shi da mataji mai dogayen haƙora, layi-layi, daga wuya har jela, ba ya tsallake ko faɗin yatsa. Sai da ya cika buhu. Ya tara gashin a tsakar gida, ya yi masa kai da kunnuwa, ya kira ta.

"Madam, ga ɗaya karen naki. Shi wannan ba ya cin abinci."

Ita ce ta dinga ba ƙawayenta lambarsa.

To, a masallaci kuma Alhaji bai haƙura ba. Wata Asabar bayan la'asar ya tara kwamiti. Tagar kicin ɗinmu tana jikin masallacin, kuma ni ba na toshe kunne don kowa. Alhaji ya zaro ambulan, ya zazzage wani farin gashi a tafin hannu.

"Ga shi, Malam. A sahun farko aka tsinta. Sai yaushe za mu yi ta goga goshi a najasa?"

Liman Malam Garba mutum ne mai gudun rigima. Ya yi gyaran murya ya ce a karatun da suka yi dai, duk abu mai rai mai tsarki ne, har karen, sai dai mutane suna ƙyama, kuma a duba zuciyar jama'a. Wato bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Kawu ya ce, "Ƙyama daban, najasa daban. Miƙo in gani."

Ko ban gani ba, na san yana ɗaga shi wajen haske.

"Wannan murɗaɗɗe ne, kuma ga warin jima. Rago ne, Alhaji. Wa ke shimfiɗa buzu a sahun farko?"

Mutum ɗaya ne ke sallah a kan buzu a masallacin nan, kuma shi ke riƙe da ambulan. Wani ya yi tari don ya danne dariya, ni kuwa ban danne ba, har Liman ya ce a rufe tagar can.

Da hujja ta ƙare, Alhaji ya koma dabara. Kafin a kira sallah sai ya zo da 'ya'yansa da masu ɗaure masa goro su cike sahun. Rana ɗaya suka ci nasara, Kawu ya yi azahar a sahu na biyu, ya dawo gida bai ci abinci ba. Kashegari ya riga su. Su ma suka ƙara sauri. Shi ma ya ƙara. Tsofaffi biyu, kowa da carbi, suna tsere a layi kamar masu bin motar trotro a tashar Race Course. Akwai ranar da Kawu ya bar kare a Krofrom, gefe ɗaya a taje, gefe ɗaya buzu-buzu, ya tako babur, ya yi wankansa biyu, ya kama wurinsa, aka sallame ya koma ya ƙarasa. Da mutane suka ce wa Liman ya sasanta su, sai ya ce, "Ku bar su. Tunda aka gina masallacin nan ban taɓa ganin sahu ya cika kafin kiran sallah ba."

Yanzu ga wanda yawancinku ba ku sani ba sai ranar sadakar uku, da Alhaji ya faɗa da bakinsa. Tunda ya faɗa, ni ma zan ƙarasa.

Ɓarayi sun shiga sabon gidan Alhaji a Asokore Mampong har sau biyu. Babban ɗansa ya sayo jaman shefad a ɓoye, aka sa masa Soja, aka ce kada Zango ta ji. Wata biyu gashi ya cika gida, matarsa Hajiya ta ce ko ita ko karen. Kiran Kawu kuwa ba zai yiwu ba. Sai Alhaji ya yi abin da ya sani: ya kira wanzamin da ke yi wa jikokinsa askin suna. Aka danne Soja aka yi masa ƙwal, tun daga kai har jela.

Wata rana da la'asar, ana sallamewa, Kawu ya juya dama, idonsa ya sauka a kafaɗar Alhaji. Ya zare, ya duba. Ya matsa kusa da kunnensa.

"Wa ya aske shi?"

"Wa? Me kake nufi?"

"Alhaji, gashin nan baƙi ne a sama, ja a ƙasa, kuma reza ce ta yanke shi. Kwana nawa yana cikin rana?"

Carbi ya faɗi daga hannun Alhaji. Da ƙyar ya ce, "Takwas."

Da safe muka tafi, tunda Hajiya ce a gida. Ban taɓa tausayin kare ba sai ranar. Bayansa ya yi ja, ya ɗaɗɗaye, ƙudaje suna binsa, ya maƙure ƙarƙashin mota. Kawu ya manta da wa yake magana.

"Haba Alhaji! Askin suna? Ragon ma ka yanka masa? Wannan bawan Allah riga biyu aka ba shi, kun tuɓe duka!"

Ya sa aka kira likita, ya kafa wa Soja rumfa da kansa. Duk mako yana zuwa. Gashin ƙasa ya riga na sama fitowa, ya dinga cunkushewa, shi kuma yana bi da buroshi mai laushi, yana lallashi.

A hanya na ce, "Kawu, yau Allah ya ba ka shi a hannu. Ka faɗa a masallaci, kowa ya huta!"

"In na faɗa, kunya za ta sa ya kori karen. Wa zai karɓi kare mai sanƙo?"

"To sahun fa?"

"Sahu da ƙafata nake kama shi, ba da asirin mutum ba."

Na yi fushi ƙwarai, kwana biyu ban duba masa baya ba. Kusan shekara Soja ya yi kafin ya koma kare. Alhaji bai taɓa tashi ya ce ya janye maganarsa ba, ba halinsa ba ne. 'Ya'yansa dai suka daina zuwa da wuri, shi ke nan.

Bara ƙafafun Kawu suka fara kumbura, tsayuwa ta gagara. A masallacinmu masu sallah a kujera can baya suke, jikin bango. Mamata ta ce ya haƙura, lalura ce. Ya ce ko da rarrafe ne. Ya sa farar rigarsa, na bi bayansa da selotef ko da yake ya yi wata uku bai taɓa kare ba, ya dafa bango ya fita. Na tsaya a taga. Sai na ji ana jan kujerar roba a kan siminti, ƙiiii, tun daga baya har gaba, da muryar Alhaji Mamudu yana cewa, "Ku matsa, ku matsa mana, ba ku ga mutum ba?"

A nan ya yi sallah har Allah ya karɓi abinsa.

Ranar da aka kai shi, aka dawo daga maƙabarta, aka tayar da la'asar. Wani baƙo cikin masu ta'aziyya ya ga gurbi dama da Liman ya shiga. Alhaji ya riƙe masa hannun riga ya ce, "Malam, da mai shi." Sai ya tuna, ya saki rigar. Liman ya daɗe bai yi kabbara ba, ni kuma na zauna a ƙasan kicin na rufe fuska da mayafi.

Allah, ka san Kawu Sule bai cuci mutum ba, bai cuci dabba ba. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa. Ranar da za a tsai da mu gaba gare ka, ka ba shi wuri a gaba, ba sai ya yi tsere da kowa ba. Amin.