Ranar da Yaya Sale Ya Zama Ruwa

Kaka ta biyu ce bayan an sauke tutar Turawa, shekarar da rijiyar unguwarmu ta rufta, samarin Kaikai suka zo garinmu Tafashiya wasan langa. An gama yankan dawa, fili ya buɗe. Ni lokacin ban wuce shekara tara ba, ina gefe da faifan dafaffiyar gyaɗa. Ban yi boko ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mani.

Yayana Sale ya kai sha bakwai, hankalinshi kuwa na ƙaramin yaro. Magana sai da ƙyar. Gari ya sa mashi suna Dolo, kuma ba a taɓa saka shi a wasa ba, sai dai ya riƙe wa mutane riguna. Amma a bayan rumbunmu kullum yana nan riƙe da ƙafa ɗaya ta baya, yana tsalle shi kaɗai har kaji su watse.

Ranar nan ruwanmu, wato wanda ake karewa har ya isa gindin tsamiya a ci wasa, ya taka kututturen kara, ya yanke shi a ƙafa. Aka rasa madadi. Na ce, “Ku sa Yaya mana!” Aka yi dariya. Wani Isa na Kaikai ya ce, “Ku sa shi, mu ma mu huta.” Haushin wannan magana ya sa Garba, shugaban samarinmu, ya kamo kafaɗar Yaya ya ce, “Sale, ka ga tsamiyar can? Can za ka. Kada ka saki ƙafar nan sai na ce.”

Wallahi mutum uku suka banke shi, bai faɗi ba. Isa ya zo da ƙarfinshi, shi ya sha ƙasa. Yaya ya dafa tsamiya, fili ya ɗauki ihu. Samari suka kwashe Garba a kafaɗa, suka yi cikin gari da kiɗa.

Sai da na tattara faifaina na waiga. Yaya na nan gindin tsamiya a ƙafa ɗaya, jiki na rawa, hawaye na zuba, yana jiran a ce mashi ya saki. Na ce, “Yaya, saki, kai ka ci.” Ya girgiza kai. Sai da na ruga na jawo Garba daga tsakiyar kiɗa, ya zo ya faɗa da bakinshi, kanshi a ƙasa.

Yanzu jikanyata kan nuna mani irinsu Yaya a waya, da riguna masu lamba, da malamin da ke horar da su, yana tsaye yana jiransu a ƙarshen fili. Nakan daɗe ina kallo. Ashe lokaci ne bai zo da wuri ba.

Yaya ya rasu, Garba ma haka. Cikin waɗanda suka ga ranar, saura ni da Isa na Kaikai, kuma har yau in an ce Dolo a gabanshi, cewa yake, “Sale dai.”