Malam Jalaluddeen da Kwalaben da Aka Ɗauraye

Kullum bakwai saura kwata babur ɗinsa ke shigowa Kazaure ta hanyar Roni. Malam Jalaluddeen ke nan, mai kula da ɗakin gwajin sinadarai na wata makaranta a garin nan. Kafin ya gaisa da kowa sai ya taɓa firji ya ji sanyinsa, ya leƙa na'urar gasa kwalabe, sannan ya juyo ya ce, "Iya Saude, an tashi lafiya?" Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki, ƙarshen watan nan zai ajiye. Ni na yi shekara goma sha takwas ina share ɗakin. Aji huɗu na tsaya a firamare, amma yau masu digiri su yi haƙuri, ni zan yi magana.

Abin da ya fi ƙwarewa a kai wani sinadari ne mai ƙyuya, suna ce masa katayon. Yadda ya bayyana mini, ƙwayoyinsa a zobe suke zaune. Wasu zobban zamansu lafiya lau, shi kuwa wannan akasinsu ne, neman hanyar watsewa kawai yake. Sai an tsare shi cikin asid mai ƙarfi, an kewaye shi da ƙanƙara da gishiri, sannan ya yi ja kamar zoɓo. Sai a saka shi a wata na'ura da ke haska shi, ta zana tudu a allo. Idan tudun ya daɗe a tsaye, abin yana raye. Idan ya kwanta, ya mutu. Na ce, "Malam, ai wannan halin maƙwabciyata ne, ba ta zama wuri ɗaya." Bai ko tambayi wacce ba. Mutum sam ba shi da daɗin tsegumi.

Shekara tara da suka wuce aka yi wata ɗaliba 'yar Gwiwa, Bahijja, aikinta na kammala karatu a kan wannan abu ne. Wata biyu tana haɗawa, jan yana ɓacewa kafin ta kai shi na'ura. Mako ɗaya tak ya tsaya mata, tudu ya fito sarai, daga nan ya koma halinsa. Shugaban sashe ya ce ko ta maimaita a gabansa ranar Litinin, ko a ɗauka ƙirƙirar sakamakon ta yi, a kore ta. Ina bayan ƙofa da tsintsiya, na ji komai. Yarinyar nan ta zauna a dakali tana kuka.

Malam ya ce mata, "Kawo littafinki." Ya duba ranakun da abin ya yi kyau, ya ɗago ya kalle ni.

"Iya, yaushe kika je bikin nan na Babura?"

Na ce, "Kai ma ka fara bin diddigin mutane?"

Washegari ana idar da asuba ya iso, ya same ni dumu-dumu a bakin famfo. To ni dai a gidanmu ba a zuba abu a mazubi sai an ɗauraye. Na ga yarinya tana ɗauko kwalabe daga wata tukunyar gilashi mai murfi tana zuba abu haka nan, na ce wannan ba a koya mata tsafta ba, bari in rufa mata asiri. Kullum sai in ɗauraye mata, in kakkaɓe, in mayar. Makon da na tafi bikin ne kawai suka tsira daga hannuna.

Ya ce, "Iya, kwana guda nake gasa su don kada ɗigon ruwa ya saura. Ruwa ne ajalin abin nan."

Na ce, "Yau na shiga uku. Za ka faɗa?"

Ya ce, "Miƙo min kwalaben."

Ran Litinin jan ya tsaya, tudu ya miƙe a allo kamar duwatsun garin nan, minti arba'in bai sunkuya ba. Shugaba ya tambayi me ya faru a baya. Malam ya ce danshi ne ya shiga kwalabe. Aka ce laifin wa? Ya ce, "Ɗakin a hannuna yake." Takardar gargaɗi aka ba shi, ya ninke ya sa a aljihu.

Malam, kai ne ka ceci karatun 'yar mutane, ka kuma bar tsohuwa da tsintsiyarta. Jalalu na Roni, mai riƙon sanyi, mai riƙon baki! Ni da ko cinikin akuya na ji sai unguwa ta sani kafin azahar, na zauna da mutumin da ya riƙe magana shekara tara, ko matarsa Mu'minat ba ta sani ba. Na tabbata, don na sha bugun cikinta.

Na gode, Malam. Allah Ya sa ka huta lafiya, Ya ba ka ladan abin da mutane ba su gani ba. Ku kuma masu aiki a bayansa, in abu ya lalace ku fara neman dalili kafin ku nemi wanda za ku kora.

Bahijja yanzu malama ce a sashen, ita za a miƙa wa makullin ɗakin. Har yau in ta gan ni sai ta durƙusa ta ce, "Iya, addu'arki ce ta fitar da ni." Bahijja, addu'a kam na yi. Amma kwalaben ma ni ce.