Sandunan Tamba da Zoben Alƙali

In ka shiga Argungu kana neman Tamba masassaƙi, kada ka wahalar da bakinka da tambaya. Bi ƙarar gizago kawai. Za ta kai ka gindin wata tsamiya, inda wani gajeren dattijo yake zaune cikin ɓarɓashin itace har idon sawu. To, ka iso.

A Gulma aka haife shi, gidan masu sassaƙa jirgin ruwa. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa gizago da taurin kai, kuma Allah ya sani bai yar da ko ɗaya ba. Da zamani ya juya, kafintoci suka fara haɗa jirage da katako da ƙusa, sai Tamba ya dawo Argungu ya koma sassaƙa filafilin tuƙi da taɓarya da ƙotar fartanya. Shekara arba'in yana wannan aiki, bai taɓa riƙe abin awo ba. In ka kawo masa zancen inci, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Kakana da yas sassaƙa jirgi mai ɗaukar shanu goma, inci nawa yas sani?"

'Yarsa ta uku, Ummu Hani, ita ta jawo shi cikin abin da bai taɓa mafarki ba. Tun tana sakandare ta kamu da wasan hoki, wannan da ake korar 'yar ƙwallo mai tauri da sanda mai lanƙwasasshen kai. Ta girma ta zama kyaftin ɗin Kadojin Rima, ƙungiyar mata da ke Birnin Kebbi. Wasan nan shi ne aikinta, da shi take ci take sha. Tamba bai hana ta ba, bai kuma taɓa zuwa kallo ba.

Kakar bara ta zo musu a karkace. A wasa huɗu na farko, an lallasa su a uku. Aka tafi hutun damina. Da aka dawo aka buɗe ɗakin ajiya, sai ga gara ta yi biki: tsofaffin sandunan katako, waɗanda suka girme wa wasu 'yan wasan, duk sun zama gari. Ɗaya tak ta tsira, don tana ɗakin Ummu Hani. Kocinsu, Malam Yari, tsohon malamin motsa jiki mai tumbi da usur a wuya, ya kai kuka wurin masu ƙungiyar. Aka ce masa sababbi sai baɗi. Aka kuma ƙara masa da cewa in Kadoji suka faɗo daga gasar bana, rushe su za a yi, kowace ta kama gabanta.

Ummu Hani ta hau mota zuwa Argungu, ta durƙusa gindin tsamiya ta ajiye sandarta gaban uban.

"Baba, irin wagga nika so. Guda goma."

Tamba ya juya ta, ya shinshina, ya taɓe baki. "Da wanga tsinke kuka wasa? Ai dole a ci ku."

"Don Allah, Baba, kada ka ƙara, kada ka rage."

"Ke za ki koya mini itace? Tashi ki gai da uwarki."

Ya shiga daji ya zaɓo rassan maɗaci masu lanƙwasa tun daga Allah, kamar yadda yake zaɓen ƙota. Mako biyu ya gama. Sanduna suka fito sumul, ja wur, sai dai ya ƙara wa kan kowace faɗin ɗan yatsa. A ganinsa filafilin da ba shi da faɗi ba ya kama ruwa, ina dalilin da sanda za ta bambanta? Malam Yari ya gani ya sosa ƙeya, amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Abu kamar wasa, Kadoji suka ci wasa biyu a waje, suka yi kunnen doki a na uku, ba alƙalin da ya duba abin da ke hannunsu. Ya rage wasa ɗaya, a gida. In suka ci ko suka yi kunnen doki, sun tsira. In aka ci su, shi ke nan.

Ranar Asabar, da ƙyar da roƙo, Tamba ya yarda ya zo Birnin Kebbi. Ya sa farin kaftaninsa, ya rataya jakar kayan aiki a kafaɗa, don ko gidan biki ba ya zuwa ba ita. Ana idar da la'asar fili ya cika da ɗalibai da masu Keke Napep na Gwadangaji.

Ana shirin farawa, kociyar baƙi, wata doguwa mai tabarau, ta raɗa wa alƙalin wasa magana. Alƙali ya zaro wani zoben ƙarfe daga aljihu. Ashe doka ce: sandar da ba ta ratsa zoben nan daga kai har gindi ba, ba ta shiga fili. Tsohuwar sandar Ummu Hani ta wuce salin alin. Ta Tamba ta farko ta cije a kai. Ta biyu ta cije. Duk goman suka cije.

Kociyar ta yi dariya yadda kowa zai ji. "Malam Yari, wasa kuka zo ko tuƙin tuwo? Na ga muciya har goma."

Alƙali ya duba agogo. "Dokar gasar nan, mutum bakwai ne mafi ƙaranci a fara wasa. Na ba ku rabin awa. In ba ku cika bakwai ba, an ci ku."

Malam Yari ya zauna daɓas a kan benci, ya dafe kai. Ummu Hani ta juyo ta nemi ubanta cikin jama'a. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. "Baba, sai da nac ce maka," iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Maganar ta soke shi fiye da muciyar. Ya tsallake igiyar da aka kewaye fili da ita, ya nufi alƙali.

"Ɗan nan, ba ni zoben."

"Ba ya barin hannuna, Baba."

"To tsaya nan ka riƙe abinka. Kuma ka sani, zobenku ne ƙarami, ba sandata ta yi girma ba."

Ya zauna a ƙasa da farin kaftani, ya danne sanda da yatsun ƙafa, gizago ya fara magana. Sara uku nan, sara uku can, ya miƙa. Zobe ya cije. Ya harare shi, ya ƙara biyu. Zobe ya wuce. Ya wurga wa 'yan wasa sandar da fasasshiyar kwalba. "Ku kankare bakin, kada ta ci hannun wani."

Ta biyu ta wuce, ta uku ta wuce. Ta huɗu, garin sauri, gizago ya bi jijiyar itace, ta tsage biyu.

"Saura minti goma sha biyu, Baba," in ji alƙali.

"Kai kas san minti. Miƙo wata!"

Gumi ya jiƙa kaftani. Gizago ya gogi babban yatsansa, jini ya ɗiga a kan maɗaci, bai ko duba ba. Alƙali na kai usur baki, lafiyayya ta shida ta ratsa zobe. Da tsohuwar ta Ummu Hani, bakwai cif.

Aka fara, bakwai da goma sha ɗaya. Alƙali ya bar zoben hannun mai rubutu a teburin gefe. Ba a yi minti biyar ba baƙi suka zura ƙwallo ɗaya. Tamba ya ji ihun, bai ɗaga kai ba. Ya miƙa sanda, zobe ya wuce, wata 'yar wasa ta fizga ta ruga fili, masu Keke suka ɗauka baki ɗaya: "Takwas!" Can kuma: "Tara!" Kafin a tafi hutun rabin lokaci suka yi kururuwar "Goma!" Daga nan ba sauran sanda. 'Yar wasa ta goma sha ɗaya ta zauna a benci da tsagaggen itace a cinya.

Sai a lokacin Tamba ya miƙe ya ga wasan da 'yarsa ta shekara goma tana yi. Ya gan ta a duƙe tana gudu, ƙwallo na manne da kan sanda, mata biyu na bin ta ba su cim mata ba. Bai san doka ko ɗaya ba, amma bakinsa bai huta ba. "Ke mai jan kallabi, tare ta! Kai alƙali, ba ka ga ta taka ta ba?"

Baƙi suka matsa, Kadoji goma suka toshe ƙofa kamar masu tare ambaliya da buhunan yashi. Saura minti huɗu, Ummu Hani ta ƙwace ƙwallo a tsakiya, ta zille wa ɗaya, ta tura wa Mansura, wadda ta shiga da sandar ƙarshe. Mansura ta ɗirka mata maɗaci. Ji kake ƙwas a jikin katakon raga.

Ɗaya da ɗaya aka tashi. Kadojin Rima suka zauna a gasa. Malam Yari ya yi ta busa usur ba dalili, har alƙali ya ce ya bari.

Ummu Hani ta ratso jama'a ta tarar da ubanta yana ɗaure yatsa da tsumma. Ta durƙusa tana haki.

"Sannu, Baba."

"Waccan da tat tsage," in ji shi, "itacen ne da aibi. Ba hannuna ba ne."

"Na sani, Baba."

"Litinin ki taho ki amshi madadinta."

"In taho da zoben?"

Tamba ya ja ɗaurin da haƙori, ya tofar da zare.

"Taho da shi. Ban gama da shi ba."